Sha Huɗu Ke Bi

Ƙarfe uku saura kwata na ranar Litinin wayar kan teburin Sufeto ta yi ƙara. Yana tsakiyar faɗa da injin buga takarda ne, wanda ya haɗiye masa rahoto ya ƙi amayarwa, don haka sai da ta yi kuka sau biyar kafin ya ɗauka. Mai magana ya ce an tare motar magunguna a kwanar gada, an kwashe kaya, an harbi ɗaya daga cikin 'yan sanda biyun da suka yi mata rakiya, kuma bai kai asibiti da rai ba.

Babu wanda bai san mutanen nan biyu ba a ofishin. Dogo da Gajere ake ce musu, don in sun jera sai ka ce taɓarya da turmi. Shekara shida suna fita aiki tare, in ɗaya ya makara ɗayan ake tambaya. Gajere ne ya rasu. Dogo kuwa ko ƙwarzane babu a jikinsa, kuma direban motar ya rantse bai ji ƙarar bindigarsa ko sau ɗaya ba.

Dogo magana ɗaya yake ta maimaitawa: ya ja kunama, bindiga ta ƙi tashi.

Shugaban ofishin mutum ne da yaransa ke kira A-Rufe, a bayan idonsa mana, saboda kowane fayil aka kai masa maganarsa ɗaya ce, a rufe. Da safiyar Talata ya tara kowa a filin baya, ya sa aka kawo bindigar Dogo, mai lamba tara da farin fenti a gindinta. Ya ɗaga ta sama ya ja kunama. Ta tashi da ƙarar da ta kori tantabarun kan rufi gaba ɗaya.

Ya juyo yana murmushi. Ga bindigar da ta ƙi tashi, in ji shi. Sannan an ba Dogo harsashi talatin, ya dawo da ashirin da bakwai, alhali bai harba ko ɗaya ba. Ina ukun? Ya miƙa wa abokan cin mushensa ke nan. Ranar Alhamis da safe za a kai shi kotu da tuhumar haɗa baki da 'yan fashi.

Sufeto ya shekara ashirin da biyu a aiki, ya san abin da irin wannan takarda ke yi wa mutum. Ba kaki kaɗai Dogo zai rasa ba. In ya shiga da ita, 'ya'yansa uku sai dai su girma suna kai masa ziyara ta bayan wayar gidan yari.

Sufeto ya tambayi inda bindigar ta kwana. Aka ce a ɗakin makamai. Ya ce me ya hana a kai ta ɗakin ajiye kayan shaida, kamar yadda doka ta ce? Aka ce mai riƙe makullin ɗakin ya tafi hutu da makullin a aljihunsa. Ya nemi a ba shi kwana biyu. A-Rufe ya ɗaga kofin shayinsa daga kan wata 'yar ambulan mai ruwan ƙasa da ya mayar wa kofin mazauni, ya kurɓa, ya ce kwana biyun ai dama su ne suka rage, ya je ya yi ta wahalar da kansa.

Da Sufeto ya isa kwanar gada, babu kowa sai wani mai facin taya da rumfarsa, taku goma daga inda jinin Gajere ya bushe a kwalta. Tun kafin a tambaye shi ya ce bai ga komai ba, yana can ƙarƙashin gada yana ɗiban ruwa lokacin da abin ya faru, sai labari ya ji.

Sufeto bai musa ba. Ya ce to ga tayarsa ta baya tana sacewa, a duba masa. Kuma gaskiya ne, motar ofis ce, da ƙyar ake samun ranar da ƙafafunta huɗu ke da lafiya a tare. Ya zauna kan benci yana fifita da hularsa.

Mai faci irin mutanen nan ne da bakinsu ke tafiya tare da hannunsu. Ya zagi masu zubar da ƙusa a hanya, ya yabe su kuma, tunda su ke ciyar da shi. Ya koma kan lalacewar zamani. Yana tsoma tayar cikin ruwa sai ya ce shi dai dogon nan ne ya ba shi tausayi, yana ta fama da ƙarfe kamar mai tayar da tsohon babur.

"Daga ƙarƙashin gadar ka hango shi?" in ji Sufeto.

Hannun mai faci ya tsaya cak cikin ruwa.

"Yallaɓai, ni talaka ne."

"Ni ma. Me ka gani?"

Ya waiga hagu da dama, sannan ya faɗa. Yana kwance ne a bayan tulin tayoyi. Ya ga Dogo ya durƙusa ya auna, ya ji ƙyas. Ya ja ƙarfen gefe, wani abu ya faɗo, ya sake aunawa, ƙyas. Har sau uku. A na ukun ne aka sami gajeren.

"Abin da ya faɗo ɗin fa?"

Mai faci ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci, ya zazzage kawunan bawul da tsofaffin notuna. Ga harsasai uku a ƙasa. Ya ce a kwata ya tsince su, kuma ya ɓoye ne don ya san halin gari: wanda ya kai wa 'yan sanda harsashi, shi ne zai fara kwana a bayan kanta. Sufeto ya so ya ce ƙarya ne, amma bai iya ba.

Ya juya gindin kowanne a tafin hannunsa. Harsashi ba ya tashi sai allurar bindiga ta doki gindinsa, kuma ko lalatacce ne, in ta taɓa shi sai ta bar masa 'yar lotsawa. Waɗannan ukun sumul suke. Allura ba ta ko shafe su ba.

Ya kai wa A-Rufe su da saurinsa. A-Rufe ya dube su kamar an kawo masa tsakuwa, ya ce zubar da su Dogo ya yi don ya sami abin faɗa, kuma maganar mai faci ba za ta ƙaryata bindigar da ya harba da hannunsa a gaban mutum arba'in ba. Sufeto ya fito yana taunar haƙori.

Da la'asar ya sa aka fito masa da Dogo. Mutumin ya zauna a takure, gwiwoyinsa har suna taɓa teburin, idanunsa jawur.

"Ka rubuta a nan cewa ka duba bindigar lokacin da ka karɓa."

"Na duba, Yallaɓai."

"Yaya ka duba?"

"Yadda aka koya mana."

"Nuna mini da hannunka."

Dogo ya ɗaga hannu, ya yi 'yan kame-kame a iska, sannan ya sauke. Sufeto ya buga teburin. Ya ce masa shi yana nan yana neman igiyar da zai ciro shi daga rijiya, shi kuma yana yanka ta da ƙarya. Kwana ɗaya da rabi ya rage.

Sai Dogo ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Bai duba ba. Babu mai dubawa. Bindigar da ta fito daga hannun Baba Saje, mai kula da ɗakin makamai, ba a duba ta a gabansa, raini ne. Ya rubuta ya duba ne kawai don doka ta ce a duba. Kuma ba shi ya zaɓi lamba tara ba, ba a zaɓe a tagar Baba Saje. Bi da bi yake bayarwa, ɗaya, biyu, uku, wadda ta faɗo kanka ita ce taka. Ko shugaban ofis ya zo, sai ya karɓi wadda ke bi.

Sufeto ya tambayi ranar da aka taɓa bindigogin kafin Litinin. Dogo ya ce Juma'a. An kwance su duka an wanke, saboda manya daga hedikwata da suka zo duba makamai ranar Asabar.

Har Sufeto ya miƙe zai fita, Dogo ya ce, "Yallaɓai, ba kotun ce ke hana ni barci ba. Kafin ya faɗi, ya waigo ya kalle ni. Ya tafi yana zaton na ƙi harbi ne."

Tausayi ya kama Sufeto, haushi kuma ya fi tausayin yawa.

Ɗakin makamai yana ƙarshen baranda, ƙofar ƙarfe da taga mai sanduna, kuma shi kaɗai ne wuri a ofishin da za ka iya shafa bango ka ga yatsanka fes. Bindigogi ashirin da huɗu a jere jikin katako, lambobinsu na kallon ƙofa. Baba Saje ya shekara talatin da ɗaya a aiki, saura masa wata huɗu ya ajiye. Bai taɓa ɓatar da ko kwanson harsashi ba, kuma yana son a san haka. 'Yarsa ta fari ma 'yar sanda ce a wannan ofishin, amma a wurin aiki Kofur yake kiranta, ita kuma ta ce Saje, ta ƙame masa kamar ba shi ya goya ta ba.

Sufeto ya gaishe shi da girmamawa ranar Laraba da safe, ya nemi lamba tara. Tana zuwa hannunsa ya ji santsin sabon mai.

"Baba Saje, wa ya shafa wa kayan shaida mai?"

"Hannu ne ya saba, Yallaɓai. Duk wadda ta shigo ɗakin nan sai na goge ta."

"Ka buɗe cikinta?"

"Allah ya sawwaƙe. Bayanta kawai."

Sufeto ya taɓa yin kwas na makamai tun yana da gashi a ka. Ya ɗora bindigar kan benci ya shiga kwancewa, a hankali, yana tunowa. Baba Saje na tsaye a gefe, yatsunsa na motsi kamar tela yana kallon wani na ɓata yadi.

Ya ciro ƙarfen da allura ke zaune a cikinsa, ya kai shi bakin taga. Akwai wata 'yar sakata da ke ratsa ƙarfen ta riƙe allurar don kada ta zame, aba ce da ba ta kai rabin tsinken ashana ba. Tana nan a wurinta lafiya lau. Amma bakin raminta duk ya sha ƙarzuwa, sabuwa fil tana ƙyalli, kamar an yi dambe da wani abu da ya maƙale kafin a fitar da shi.

Baba Saje ya ce tsohon tabo ne.

A ƙarƙashin bencin akwai ramin da ruwan wanke ɗaki ke bi ya fita. A gefensa an rataye maganaɗisun tsohuwar rediyo da dogon zare. Sufeto ya taɓa shi da yatsa, ya tambayi me ake kamawa da wannan ƙugiya. Baba Saje ya ce ɗan makullin akwatinsa ne ya faɗa ramin. Ya same shi? Ya same shi. Yana maganar ne yana kallon bango.

Keken Baba Saje na jingine a bakin ƙofa, tsohon keke da ke shan mai fiye da wasu motoci. Sufeto ya tsugunna kamar zai ɗaure igiyar takalmi. Ɗaya daga cikin wayoyin ƙafar baya babu ita. Ba tsinkewa ta yi ba, yanke ta aka yi da filaya, sama da ƙasa, tsaf. Mutumin da ba ya barin ƙura ta kwana a kan bindiga ba zai yi yawo da giɓi a ƙafar kekensa haka kawai ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ya karɓi littafin fitar da makamai ya koma ofishinsa. Ya buɗe shafi bayan shafi har na wata shida baya. Gaskiyar Dogo ce. Rubutun Baba Saje a miƙe kamar sojoji, ɗaya, biyu, uku, babu tsallake ko sau ɗaya, sai in bindiga ta lalace, ita ma sai ya rubuta dalili da jan biro.

Ya iso safiyar Talata. Sha biyu, sha uku, sha biyar. Ya duba yammacin Talata. Sha uku, sha biyar. Safiyar Laraba ma haka. Babu jan biro, babu dalili. Tun daren da lamba tara ta kwana a ɗakin, sha huɗu ba ta sake fita ba.

Nan biri ya yi kama da mutum. Wani abu ya sami sakatar lamba tara, an toshe ramin da abin da ba nasa ba, ya riƙe allura. Da aka yi ɓarna, an ciro sakatar sha huɗu an sa wa tara, shi ya sa ta tashi a hannun A-Rufe. Ita kuma sha huɗu an bar ta da ciwon.

Buɗe bindigar da ba kayan shaida ba kuwa sai da sa hannun shugaban ofis. Sufeto ya rubuta takardar ya kai da kansa. A-Rufe ya karanta, ya cire tabarau, ya ce a rufe ƙofa tukuna. Ya tuna masa cewa ranar Asabar manya suka duba ɗakin nan suka ba ofishin yabo a rubuce, kuma shi ya sa hannu cewa kowace bindiga lafiyarta ƙalau. Yanzu so ake ya sa hannu a kan cewa ƙarya ya yi?

"Kada ka bari allura ta tono mana garma, Sufeto."

"Ranka ya daɗe, mutum ne zai tafi gidan yari."

"Wani ma ya tafi kabari. Dole wani ya ɗauka."

Ya tura takardar ƙarƙashin tulin da ke gabansa, ya mayar da kofinsa kan 'yar ambulan ɗin nan. Sufeto ya fito, ya shuri kwandon shara a baranda, ya tsaya ya tsince abin da ya zube, don babu mai tsincewa in ba shi ba.

Ya zauna ya yi tunani. Ko ya buɗe sha huɗu da ƙarfin tsiya ya sami wayar keken a ciki, me ya tabbatar? Cewa sha huɗu ba ta da lafiya, shi ke nan. Makullin ɗakin biyu ne, Baba Saje zai ce bai san wanda ya taɓa ba. Babu abin da zai haɗa wayar da lamba tara sai bakin wanda ya sa ta. Hanya ɗaya ya gani ta buɗe bakin, kuma hanyar ba ta yi masa daɗi ba. Ya ji kunyar kansa tun kafin ya yi.

Safiyar Alhamis ofishin ya cika da kai-komo, don an ce manya za su zo daga hedikwata ta'aziyyar Gajere. A-Rufe na ciki yana ta buga hatimi a kan duk abin da ya tarar a teburinsa, don kada baƙi su ga tulin. Motar kai Dogo kotu na jira a tsakar gida, kuma hanyar kotu ta kwanar gada take bi. Zaɓen 'yan rakiya aikin Sufeto ne. Ya zaɓi Kofur, 'yar Baba Saje, bai gaya mata komai ba.

Ya tsaya kusa da layin tagar makamai yana ƙirga. Da aka miƙa sha biyu, ya ce wa Kofur ta shiga bayan mutum ɗaya, ana sauri. Aka miƙa sha uku. Ta matso, ta ƙame.

"Saje, rakiyar kotu."

Baba Saje ya dube ta, ya dubi Sufeto. Hannunsa ya wuce ya ɗauko sha biyar.

"Baba Saje," in ji Sufeto a hankali, "sha huɗu ke bi."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya, ya ce yau Baba ne da tsallake? Baba Saje ya ce sha huɗu tana buƙatar mai. Sufeto ya ce ai bai ga jan biro a littafi ba. Tsohon ya ce maratayinta ya saki. Sufeto ya leƙa ya ce ga shi nan daram.

Kofur ta ji kunya ta kama ta, a ce mahaifinta na nuna mata gata a gaban mutane. Ta miƙa hannu ta cikin sanduna.

"Saje, ba ni wadda ke bi. Ba na son a ce an fifita ni."

Tsohon ya ɗauko sha huɗu. Ya kawo ta har bakin taga. Yatsun 'yarsa suka kama bakinta, ta ja, bai saki ba. Ta sake ja. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula.

"Ta kwanar gada za ku bi?"

"Ta can, Saje."

"Sake ta, Uwata," ya ce. "Ba za ta tashi ba."

Ta saki. Tunda ta sa kaki bai taɓa kiranta da wannan suna a ofis ba.

Sufeto ya sallami layin, ya shiga ɗakin, Kofur na biye da shi. Baba Saje bai jira tambaya ba. Ya kwance sha huɗu cikin ƙiftawar ido, ya ɗora ƙarfen kan benci. Ramin sakatar fanko ne. Ya zura hannu a aljihun rigarsa ya fito da guntun wayar keke a lanƙwashe, ya ajiye a gefe. Ya ce tun Litinin yake yawo da ita, ya kasa jefarwa.

Ranar Juma'a ne, in ji shi, yana haɗa lamba tara, 'yar sakatar ta suɓuce daga yatsunsa ta faɗa ramin ruwa. Idonsa ba kamar da ba. Ya yi awa uku yana lalube da maganaɗisu, bai samu ba. Babu ta canji a ɗakin, ko ɗaya. Sau huɗu yana rubuta wa hedikwata a aiko da ƙananan kayan gyara, wata bakwai ke nan, shiru. Manya kuma washegari za su zo. In ya rubuta da jan biro cewa ya ɓatar da wani abu, shekara talatin da ɗaya na farin littafi sun tashi a banza, saura wata huɗu.

Sai ya dubi kekensa. Kaurin wayar ya yi kusan daidai. Ya yanka, ya goge, ya buga ta ciki. Ya ja kunama a fanko ya ji ƙyas, ya ce ta yi.

"Ba ka gwada da harsashi ba?"

"Yallaɓai, harsashin gwaji ɗaya sai da sa hannun mutum uku. Da me zan ce ina gwadawa?"

Ya ce niyyarsa ya ajiye ta gefe bayan an gama dubawa. Amma da safiyar Litinin layi ya zo, takwas ta fita, tara ke bi, kuma shi bai taɓa tsallake ba. Ya gaya wa kansa waya ai ƙarfe ce. Ashe ta lanƙwashe a ciki ta danne allurar. Da aka dawo da bindigar da jinin Gajere a maratayinta, ya buɗe, ya gani, ya fitar da wayar da ƙyar, ya ciro sakatar sha huɗu ya sa mata.

"Kana tsaye a fili ranar Talata," in ji Sufeto. "Ka ji an ce Dogo ya sayar da ɗan'uwansa. Kwana uku kana wuce ɗakin da yake kulle."

"Na ji."

"Da yau wani ne a tagar nan ba ita ba, kuma na matsa maka, da ka ba shi?"

Baba Saje ya dubi guntun wayar da ke kan benci. Kofur ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na girgiza, ta ce, "Baba," sau ɗaya kawai. Sufeto ya sami abin da yake nema, amma ko kaɗan bai ji daɗin samu ba.

Ya aika a sauko da Dogo daga mota. Ya ciro ankwa, tsohon ya miƙo hannu biyu da kansa.

Ana cikin haka akawun ofis ya leƙo da littafin karɓar saƙo a hammata, bai san wainar da ake toyawa ba. Ya ce Saje ga saƙonka, yanzu Yallaɓai ya buga masa hatimi, sa hannu a nan. Sai ya ga ankwa, ya yi turus.

Sufeto ya karɓa. 'Yar ambulan ce mai ruwan ƙasa, bayanta duk zoben gindin kofin shayi, wani kan wani. Hatimin hedikwata ya nuna ta iso ofishin sati biyar da suka wuce. Ya yage bakinta ya zazzage a tafin hannunsa. 'Yan sakatu ne guda goma, sababbi, a jiƙe da mai.

Baba Saje ya daɗe yana kallonsu.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya. Bar ni in sa wa sha huɗu tata, kada gobe wani ya ɗauka."

Sufeto ya buɗe ankwar. Tsohon ya ɗauki guda, ya saita ta a bakin rami, ya ƙwanƙwasa sau biyu da 'yar guduma, ta shige. Ya haɗa bindigar, ya goge ta da tsumma, ya mayar da ita tsakanin sha uku da sha biyar, lambarta na kallon ƙofa. Sufeto ya dubi agogonsa ba da niyya ba. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Aka mayar da ankwa, aka fito da shi baranda. Dogo na tsaye a can ƙarshe ba takalmi, an kwance masa hannu. Da suka zo gab da juna Baba Saje ya tsaya kamar zai ce wani abu, Dogo ya kau da kai, ya matsa ya ba su hanya.

A-Rufe ya leƙo daga ofishinsa, ya ji bayani a tsaitsaye, ya ce to madalla, tunda an sami mai laifi sai a rufe kafin baƙi su iso. Sufeto ya ƙame ya ce to, ranka ya daɗe. Sannan ya ninke 'yar ambulan ɗin mai zoben shayi, ya sa ta cikin fayil a saman komai, ya rubuta mata lambar shaida, ya bi bayan Baba Saje zuwa kantar da ake rubuta masu laifi.